Tambaya da Amsa: Bindigar Zafi, Wutar da Ba a Ganin Harshenta

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan abu ɗaya: bindigar zafi, na'urar lantarkin nan mai siffar abin busar da gashi, wadda take huro iskar da ke narkar da roba ta tayar da fenti. Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, na rage wa wasu tsawo saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Maigidana yana da wannan na'ura cikin kayan aikinsa, ni kuwa abin busar da gashina ya mutu. Na ga kamarsu ɗaya. In na sa ta a lamba ta ɗaya na riƙe ta nesa-nesa, ba za ta yi ba? — Wata uwargida

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba za ta yi ba, ko kusa ko alama. Mayar masa da ita inda kika gan ta.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne cikinsu kusan iri ɗaya ne: ƙaramar fanka a baya, gabanta kuma naɗaɗɗiyar waya ta haɗin nikel da kuromiyom, wadda take yin jawur in lantarki ya bi ta cikinta. Har wutar da suke ci ma ba su yi nisa da juna ba, wat 1,500 zuwa 2,000. Bambancin a iska yake. Ta gashi iska mai yawa take turowa, zafin ya watsu a ciki, shi ya sa yawancinsu ba sa kaiwa digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, inda ruwa ke tafasa. Bindigar zafi kuwa iska kaɗan take turowa ta ƙuntataccen baki, zafin duka ya tattaru wuri guda. Irin mai lamba biyu, wadda ta fi yawa a hannun mutane, lambar farkon nan da kike rainawa tana kaiwa wajen digiri 300, ta biyu kuma 500 zuwa 600. Takarda tun a wajen 230 take kamawa da wuta. Ruwa mai digiri 60 kacal, cikin 'yan daƙiƙu yake sale fata. To ki auna da fatar kanki.

Kuma "nesa-nesa" ba ma'auni ba ne. Hannu yana gajiya, yaro yana kira, kina waigawa bakin ya matso. Da harshen wuta ne, ido zai gani jiki ya ja da baya. Wannan ba a ganinta, sai dai a ga aikinta. Saboda haka ba gashi, ba busar da rigar da ke jikin mutum, ba auna ta ga fuskar wani da sunan wasa. A kuma ɗaga ta inda hannun yara ba ya kaiwa, don a idonsu bindigar wasa ce sak.

Tambaya: Ranka ya daɗe, koyon fenti nake yi. An ba ni tsohuwar ƙofar katako in cire mata fenti. Na sa lamba ta biyu, sai fentin ya yi baƙi yana hayaƙi, katakon ma ya ƙone a wurare. Ina matsalar take? — Wani mai koyon sana'a

Amsa: Ɗana, tsayawa ka yi wuri ɗaya kana jiran fenti ya ƙone. Ba ƙona shi ake yi ba, tausasa shi ake yi.

Abu uku ke hannunka: lambar da ka sa, tazarar bakin da katako, da motsin hannunka. Kowa lambar yake kallo, alhali aikin yana ga biyun ƙarshe. Fara da ƙaramar lamba a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Riƙe bakin kamar faɗin yatsu uku daga katakon, a ɗan karkace, kana kaiwa kana kawowa a kan filin da bai wuce tafin hannu ba. Zuba ido. Fentin zai fara sheƙi, sai ya yamutse, sai ƙananan ƙuraje su taso su kumbura. Nan ne wurin. Matsa da bindigar gaba, ka cusa makankarin ƙarfe ƙarƙashin wanda ya taso ka tura, za ka ga ya naɗo yana faɗuwa da laushinsa. Hannu ɗaya na gasa gaba, ɗayan na kankare baya, tafiyarsu tare, kuma ka bi tsawon katakon kada ka gitta shi. Da ka ga launi ya fara komawa ruwan ƙasa, ko hayaƙi ya tashi, ka zarce. Guntun da ya ƙi fita a lungu ka bar wa sanfefa, kada ka nace masa da zafi.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Ka ce ƙofar tsohuwa ce. Fentin mai na da, musamman fari da ja da rawaya, ana sa masa dalma don launinsa ya fito, ya yi saurin bushewa, ya kuma daɗe. Amurka ta hana shi a gidaje tun 1978, amma ƙasashe da yawa sun makara, wasu har yau ba su da doka a kansa. Ke nan ko fentin da bai tsufa sosai ba yana iya ƙunsar ta. Duk yadda zafi ya ƙaru, haka tiririn dalma ke ƙaruwa a iskar da kake shaƙa. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta hana masu gyaran tsofaffin gidaje sa bindigar zafi a kan fenti in zafinta ya kai digiri 1,100 a ma'aunin Farenhait, wato kusan 593 a na Salshiyas. Ni dai ba na son a kusanci wannan iyakar ma. Ka tsaya a ƙaramar lamba, ka yi haƙuri da jinkirin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara da ɗan da ke ciki su ta fi yi wa ɓarna. Don haka ka fitar da ƙofar waje in da hali. Yara da mai juna biyu su bar wurin gaba ɗaya. Shimfiɗa abin da ɓarɓashin zai zuba a kai, ka tattara ka ƙulle, ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, don shara tayar da ƙurar take yi. Wanke hannu kafin ka kai komai baki, ka sauya tufafi kafin ka ɗauki yaro. Takunkumin yadi ba ya tare wannan abu, sai irin na roba mai matata a gefe.

Kada kuma wani ya ba ka shawarar ka shafa maganin cire fenti sannan ka bi da zafi don a yi sauri. Wasu magungunan fetur-fetur ne, kamawa suke yi. Wasu kuma suna ɗauke da sinadarin mesilin kulorayid, wanda in ya gamu da zafi mai tsanani yake fitar da fosjin, iskar gubar da aka yi kisa da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zaɓi hanya ɗaya.

In ƙofar na da gilashi, zafi na dukan gefe ɗaya sai ka ji ƙas, ya tsage. Akwai bakin da ake ƙwama wa bindigar, mai leɓe ɗaya da ke kare gilashi. In babu shi, kare da farantin ƙarfe.

Na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro. Iska mai zafi tana shiga tsaga, ta bi bayan firam, ta hau cikin silin, inda ƙura da yanar gizo da garin katako suka taru shekara da shekaru. Abin ya kama yana ci a hankali, ba harshe ba hayaƙin kirki, kai kuma ka tattara kayanka ka tafi. Sai dare ya yi a ga gobara. In aikin a jikin gini ne, ka dakata aƙalla awa ɗaya kafin tashi, ka zagaya kana shinshinawa kana taɓa katakon da bayan hannu. Abin kashe gobara ya kasance kusa tun kafin ka kunna.

Tambaya: Malam, wayarin nake yi. Robar nan da ake zura wa mahaɗar waya ta tsuke, da laita nake gasa ta. Akwai dalilin da zai sa in nemi bindigar zafi? — Wani mai wayarin

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Laita tana gasa ƙasa ta bar sama, ta shafa baƙi, wani lokaci ta huda robar ba ka sani ba. Irin robar da aka fi amfani da ita tana fara tsukewa a wajen digiri 90, ta gama a wajen 120, ka ga ƙaramar lamba ma ta yi mata yawa in ka matsa kusa. Duba abin da aka rubuta a jikinta: 2:1 na nufin mai faɗin milimita 6 za ta koma 3. Zaɓi wadda in ta gama tsukewa za ta ɗan fi wayar ƙanƙanta, don ta kama tsam. Wurin da ruwa ke taɓawa, kamar ƙarƙashin mota, nemi mai 3:1 da gam a ciki.

Kashe wutar layin tukuna, ka kuma zura robar kafin ka haɗa wayoyin (kowane mai wayarin ya san haushin tunawa da wannan bayan ya gama haɗi). Fara gashi daga tsakiya zuwa bakuna don iska ta samu hanyar fita, kana jujjuyawa. Lanƙwasasshen bakin nan mai kama da ƙugiya saboda wannan aka yi shi, yana zagayo da iskar ta bayan waya. Za ka ga robar tana lafewa har shatar mahaɗar ta fito, in mai gam ce kuma ɗan gam ya leƙo ta bakuna biyu yana ƙyalli. Ta yi ke nan. Kada ka lanƙwasa sai ta huce.

Tambaya: Baba, ina koyon gyaran wayar hannu. Zan iya ɗaga sikirin da babbar bindigar zafi, in kuma cire ƙananan kayan da ke kan bod, wato allon lantarkin da ke cikin wayar, da ita? — Wata ɗaliba

Amsa: Madalla da sana'a, 'yata. Sikirin, i, amma da sharaɗi. Bod kuwa, a'a.

Gam ɗin da ke riƙe sikirin yana sakin jiki a wajen digiri 70 zuwa 80. Matsalar ita ce batirin litiyom yana kwance a bayansa, shi kuwa ba a son ya wuce digiri 60. In ya sha zafi fiye da kima yakan kumbura, ya yi tsartuwa, ya kama wutar da ke ciyar da kanta. Don haka kashe wayar, ki bari cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin 100 kafin ki fara. Gefuna kawai za ki bi, daga nesa, hannu na tafiya. Ma'auninki yatsanki ne: gilashin ya yi zafin da za ki taɓa ki ɗauke da sauri, ba wanda ba ya taɓuwa ba. Batirin da ya riga ya kumbura, kada zafi ya je kusa da shi sam. In kina da halin samun faifan ɗumama sikirin mai lamba, ya fi bindigar nesa ba kusa ba.

Aikin bod na ƙaramar na'urar iska mai zafi ce, ta kan teburi, mai siririn baki, wadda ake saita mata zafi daban iska daban. Solda ta da, wato ƙarfen da ake narkarwa a liƙe kayan, mai kuza kashi 63 da dalma kashi 37, a digiri 183 take narkewa. Ta wayoyin yanzu marar dalma sai wajen 217. Babbar bindiga za ta kai wannan zafin, amma za ta narkar da na maƙwabta duka, iskarta kuma ta kwashe 'yan mitsi-mitsin kayan da ko da tabarau sai an yi da gaske ake ganinsu.

Tambaya: Injiniya, yaya ake lanƙwasa bututun roba na PVC ba tare da ya ƙulle a tsakiya ba? — Wani mai aikin famfo

Amsa: Cika shi da busasshen yashi, ka toshe bakuna biyu. Busasshe na ce, don jiƙaƙƙe tururi zai tara a ciki. PVC yana fara laushi tun daga wajen digiri 80. Kada ka gasa ɗigo ɗaya, bi tsawon duk inda kwanar za ta ci, kana mirgina bututun a hankali har ka ji ya yi lagwai. Sa safar hannu ta fata, ka lanƙwasa shi a jikin wani abu mai zagaye, ka riƙe, ka shafe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya daskare a haka. Safar nailan kuwa narkewa take yi ta manne da fata, gara ma babu.

Da ya fara yin rawaya ko ruwan ƙasa, ya ƙone, kuma ƙonannen PVC yana fitar da iskar asid mai yaji a ido da maƙogwaro. Yanke wurin ka yar. Wannan dabara ta bututun da ake zura wayar lantarki ce. Wanda ruwa zai bi da ƙarfi, sayi gwiwarsa ka haɗa, domin lanƙwasa tana sirantar da bayan kwanar, nan zai fashe wata rana a cikin bango. Kada kuma ka kai zafi inda ka shafa gam ɗin bututu bai bushe ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a gareji nake. Bindigar zafi tana cire sitika a jikin mota? Tana kwance notin da ya yi tsatsa? — Wani bakanike

Amsa: Sitika, ƙwarai. 'Yan daƙiƙu a ƙaramar lamba, ka ɗaga gefe da farce ko katin roba, ka ja a kwance a hankali kana ɗumama gaba. Ka tuna fentin mota ma fenti ne, in ka tsaya zai taso.

Noti kuwa, kada ka sa rai da yawa. Zafi yana buɗa shi kaɗan ya karya tsatsar, amma babban ƙarfe yana shanye zafin yana watsawa fiye da yadda iska ke ba shi. A ƙananan notuna take aiki, da waɗanda aka sa wa jan gam ɗin kulle zare, wanda sai ya kai wajen digiri 250 yake saki.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne fetur. Mutane suna cewa ai ba ta da harshen wuta. To a cikinta akwai waya jawur, motar fankarta kuma tana tartsatsi. Tiririn fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya kwanta a ramin gareji, kwanon da ka wanke kaya a ciki yana can gefe amma tiririnsa yana ƙarƙashin ƙafarka. Kada ka kunna ta kusa da tanki, ko bututun mai, ko tina, ko batirin da ke caji, ko inda ka fesa man kwance noti yanzun nan.

Akwai kuma masu bin koɗaɗɗiyar bamba da zafi ta koma baƙa ƙirin. Tana komawa, na gani. Amma ba ta daɗewa take sake koɗewa, robar kuma ta ƙara gautsi. In motar wani ce, gaya masa gaskiya kafin ka yi.

Tambaya: Malam, sabuwa na saya. Ranar farko ta yi hayaƙi, yanzu kuma filogin yana zafi, wani lokaci ta ɗauke da kanta. Jabu ce? — Wani mai karatu

Amsa: Ba lallai ba. Ɗan hayaƙi da wari a kunnawar farko ba komai ba ne, maiƙon masana'anta ne ke ƙonewa. Bar ta ta yi 'yan mintoci a sarari zai wuce.

Zafin filogi kuwa lissafi ne. Wat 2,000 a kan lantarki mai bolt 230 kusan amp 9 ke nan, kuma ja take yi ba hutawa. Siririyar wayar ƙari ko soket mai sako-sako ba za su ɗauka ba. Nemi waya mai kaurin sukwaya milimita 1.5, in ta naɗi ce ka warware ta duka, don a naɗe zafi take tarawa har ta narke. Ƙaramin janareta ko inbata ma ka duba ƙarfinsa tukuna.

Ɗaukewar kuma mai tsaronta ne na ciki yake yanke wuta saboda zafi ya yi mata yawa. Ko dai ka danna bakin a jikin aiki iska ta rasa mafita, ko hannunka ko ƙura ta toshe ramukan shan iska na baya. Nan ka kula: wasu in sun huce da kansu suke sake tashi. In ta ɗauke, kashe makunnin ka zare filogi, kada ka ajiye ta a kunne ka tafi. Bayan aiki, in tana da lambar sanyi ka bar ta a kai minti ɗaya ko biyu, sannan ka tsayar da ita a kan gindinta bakin na kallon sama, shi ya sa aka yi bayan a shafe. Kada ka kwantar da ita kan tsumma ko kujera, kada ka naɗe wayarta a bakin, kada ka mayar da ita akwati sai ƙarfen ya huce sarai.

Tambaya: Baba, bakin bindigar zafi ya taɓa hannun ƙanena wurin ya tashi. An ce mu shafa man goge baki. — Wata mai karatu

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Kada ku shafa, 'yata. Ba man goge baki, ba mai kowane iri, ba ƙanƙara. Da zarar an ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20, ko da an ɗan makara yana da amfani. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Yadin da ya manne da fata kada a fizge shi. A rufe da tsabtatacciyar leda ko bandejin da ba ya mannewa, kuma kada a fasa bororon da ya taso.

Tunda a hannu ne, ku kai shi asibiti a duba. Haka in ƙunar ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko tana fuska, ko kan gaɓa, ko a jikin ƙaramin yaro. In wurin ya yi fari ko ya yi tauri kuma ba ya ciwo, kada ku ce da sauƙi: ƙunar ce ta yi zurfi har ta kashe jijiyoyin da ke jin zafi, a tafi da shi yau ɗin nan.